Yana kan littafi har ƙarfe ɗayan dare, amma makinsa ƙasa yake yi

Tambaya: Ɗana shekararsa 16, saura masa shekara ɗaya ya gama sakandare. Kullum yana kan littafi, wani lokaci har ƙarfe ɗayan dare, amma sakamakonsa na zangon da ya wuce ya fi na baya muni. Yanzu yana yawan kukan ciwon kai, abu kaɗan sai ya fusata, kuma shi da mahaifinsa ba sa minti biyar suna magana ba a yi faɗa ba. Mahaifin ya ce wasa ya sa a gaba, ni kuma ina ganin yana ƙoƙari. Me za mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ke da maigidan kowa da gaskiyarsa. Yaron yana ƙoƙari, kin gani da idonki. Ƙoƙarin kuma ba ya kai shi ko'ina, takardar sakamako ta nuna wa mahaifinsa haka. Don haka kada a ƙara masa ko awa ɗaya ta karatu, kada kuma a yi gaggawar ɗauko masa malamin gida. Wanda yake kaiwa ƙarfe ɗaya yana da isasshen lokaci. Abin dubawa shi ne yadda yake amfani da lokacin, da kuma barcin da yake hana idonsa.

Ki fara da ɗan gwajin nan, ba zai ci minti goma ba. Da yamma ki ce ya nuna miki shafin da ya karanta daren jiya. Ki karɓi littafin ki rufe, ki ce ya gaya miki abin da ke ciki da bakinsa, ko da ke ba ki san darasin ba. Ga abin da aka fi gani: ya faɗi kan maganar, ya kawo jimla ɗaya ko biyu, ya tsaya yana kallon sama, ya ce "wallahi na sani, bari in ɗan leƙa", hannunsa ya nufi littafin. In haka ta faru kin gano inda ciwon yake. Kada ki yi masa faɗa, don ba ƙarya ya yi ba. Ya san shafin irin sanin da ake yi wa mutumin da aka saba gani a hanya: da an hango shi an gane shi, amma a ce a faɗi sunansa sai a yi shiru. Karanta shafi ɗaya sau huɗu sau biyar irin wannan sanin yake bayarwa. Ido ya saba da kalmomin, karatun ya yi santsi, sai yaro ya ɗauka ya gane. A ɗakin jarrabawa kuwa farar takarda ce a gabansa, kuma aikin da ake nema a wurinsa, wato ciro abu daga ka ba tare da an duba ba, bai taɓa gwada shi a gida ba.

An auna wannan. A 2006 masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan a sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Abin lura, masu maimaitawar su ne suka fi yarda cewa ba za su manta ba. Wani babban nazari da John Dunlosky da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya duba hanyoyin karatu goma da ɗalibai ke bi. Biyu kawai suka samu babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba bita a ranaku daban-daban. Maimaita karatu da ja wa jimloli layi suna cikin na ƙasa, alhali su ɗalibai suka fi yi.

Ga yadda zaman karatu ɗaya ya kamata ya kasance, na kamar rabin awa. Ya ɗauki kan magana ɗaya ƙarami, shafi biyu ko uku, ya karanta a nutse na minti goma. Ya rufe littafin, ya kife shi. A farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna, da kalmominsa, har da zane in darasin yana da zane. Minti biyar zuwa bakwai. Sannan ya buɗe littafin, ya ɗauki jan biro, ya cike abin da ya tsallake, ya gyara abin da ya juya. Jan rubutun nan shi ne ainihin abin da bai sani ba, kuma shi kaɗai zai sake karantawa. A ƙarshe ya ƙirƙiro tambayoyi uku zuwa biyar daga darasin, kowace a ɗan kati, tambaya a gaba, amsa a baya. Ya tashi ya miƙe ƙafa minti biyar, ba tare da ya taɓa waya ba, don minti biyar ɗin waya ba ya tsayawa a biyar. Irin wannan zama uku ko huɗu a ranar makaranta sun isa. Awa biyu ke nan, kuma za su fi awa biyar ɗin da yake yi yanzu amfani.

Inda abin ke lalacewa kuwa sananne ne. A makon farko zai ji kamar baya ya ci, don takardar za ta cika da ja, sai ya ce tsohuwar hanyarsa ta fi. Ki gaya masa tun kafin ya fara cewa haka za a ji, kuma wahalar tunowar ita ce ke kafa abu a ka. Na biyu, leƙe: in ya makale zai ɗaga gefen littafin ya duba kalmar farko. Ya daure ya ba kansa ko da rabin minti yana lalube, in abin bai zo ba ya bar gurbi ya wuce. Na uku, mayar da aikin kwafe, ya zauna yana sake rubuta darasi da kyakkyawan rubutu littafi a buɗe. Wannan hannu ne kawai ke aiki.

Tunowa sau ɗaya ba ta isa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awanni da kwanakin farko, daga baya take lafawa. Saboda haka a koma kan darasi kafin ya gama gushewa: washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako uku. Waɗannan ranakun ba doka ba ce, ƙa'idar dai ita ce tazarar ta riƙa faɗaɗa. Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan ita ce ambulan uku. Sababbin katuna suna shiga ta farko, wadda ake dubawa kullum. Katin da aka amsa daidai ya koma ta biyu, ta duk bayan kwana uku. In an sake cin sa ya koma ta uku, ta mako-mako. Wanda aka faɗi, ko a ina yake, ya dawo ta farko. Ta haka lokacinsa zai tafi kan abin da bai iya ba, maimakon ya yi ta lallashin kansa da abin da ya riga ya iya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma karatun daren jarrabawa ko ya fitar da mutum gobe, bayan mako biyu babu shi, ga jarrabawar ƙarshe tana tambayar aikin shekara uku.

Lissafi da darussan da ke da lissafi a ciki ba a karanta su, yin su ake yi. Ya duba misali ɗaya da aka warware, ya rufe, ya warware shi da kansa daga farko, sannan ya yi sabo. Kada ya jera tambayoyi ashirin iri ɗaya, don daga ta uku hannu ne ke tafiya. Ya cakuɗa su daga babi daban-daban, saboda a jarrabawa ba wanda zai gaya masa ga hanyar da za a bi, kuma gane hanyar shi ne babban aikin. Ya ware littafin rubutu guda na kurakurai. Duk tambayar da ya faɗi ya rubuta ta, da inda ya kauce, da dalili ɗaya cikin huɗu: ban gane darasin ba, na manta ƙa'idar, ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya ƙure. Bayan mako biyu littafin zai nuna inda aka fi zubar da maki, kuma maganin kowanne daban ne. Rashin ganewa na malami ne, mantuwa ta katuna ce, gaggawa kuwa sai da ja layi ƙarƙashin abin da tambaya ke nema kafin a fara rubutu. Ƙurewar lokaci maganinta tambayoyin jarrabawar shekarun baya, agogo a gaba, littafi a rufe, sau ɗaya a mako. In kin ga darasi ɗaya ne ke ja da shi ƙasa, a nemi ramin a baya. Yaro da yawa da ke kuka da aljabara, ainihin abin da ya kuɓuce masa lissafin rabi da sulusi ne, ko lambobin da ke ƙasa da sifili, tun shekara uku da suka wuce. Nan ne malamin gida ke da amfani, a gaya masa takamaiman ramin da zai cike.

Sai barci, wanda a ganina shi ya haɗa ciwon kan da fushin da ma wani ɓangare na mantuwar. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. In ɗanki yana kwanciya ƙarfe ɗaya ya tashi shida, biyar yake samu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, don haka awa biyun ƙarshe da yake yi yana gyangyaɗi a kan littafi asara biyu ce: bai koyi sabo ba, ya kuma rage wa na yamma damar zama. Ki sani kuma ba taurin kai ne kaɗai ke hana shi kwanciya da wuri ba. Da balaga agogon jiki yana ja baya, sinadarin melatonin da ke kawo barci yana makara wajen fita da awa ɗaya zuwa biyu. In kika tura shi gado ƙarfe tara yau, zai kwanta ido biyu yana juyi. A ja lokacin a hankali, minti 20 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku, har a kai goma ko goma da rabi. Lokacin tashi ya tsaya wuri guda, ranar hutu ma kada ya wuce da fiye da awa ɗaya ko biyu. Ya samu hasken rana da safe, wannan ke jawo agogon jiki gaba. Waya ta kwana a wajen ɗaki. Kofi da abubuwan sha masu ƙara kuzari a daina daga azahar, domin rabin sinadarin kafeyin yana nan a jiki bayan kimanin awa biyar. In gajiya ta yi yawa bayan makaranta, ya runtsa minti ashirin, kada ya zarce.

Ciwon kan kada a ɗora shi duka kan damuwa ba a duba ba. A auna idonsa. Yaron da ba ya ganin allo sosai yakan yi shekara bai faɗa ba, don ya ɗauka kowa haka yake gani. A lura ko yana shan ruwa, ko yana fita makaranta da yunwa. A kuma ƙirga sau nawa yake shan maganin ciwon kai, domin shan sa kusan kullum na tsawon watanni yana iya zama sanadin ciwon da kansa. Ciwon kan da ke tayar da shi daga barci, ko mai zuwa da amai da sassafe, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko canjin gani, ko wanda ya biyo bayan buguwa a ka, wannan na asibiti ne ba tare da jira ba.

Fargabar jarrabawa kaɗan tana da amfani, ita ke tayar da mutum tsaye. Idan ta yi yawa ne take cin maki, kuma ga yadda take yi. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda tana aiki a kansa kaɗan ne, kimanin abu huɗu. In "me Baba zai ce" da "kowa ya fi ni" suka mamaye wurin, tambayar lissafi ba ta da inda za ta zauna. Shi ya sa yaro ke fitowa daga ɗakin jarrabawa amsar ta faɗo masa a bakin ƙofa. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Shikago sun sa ɗalibai su rubuta abin da ke tsorata su na minti goma dab da jarrabawa, kuma masu yawan fargaba a cikinsu sun fi yin kyau. Ba kowa yake yi wa aiki ba, amma gwadawa ba ta cin komai. Akwai kuma numfashi: ya shaƙa yana ƙirga huɗu, ya fitar a hankali yana ƙirga shida, na minti ɗaya ko biyu. Tsawaita fitarwar ke rage bugun zuciya. Ya saba da shi a gida kafin kowane zaman karatu, don abin da ba a saba ba ba ya zuwa a lokacin ruɗewa. In an raba takarda ya karance ta duka tukuna, ya fara da wadda ya fi iyawa. Kada kuma a hana shi wasan motsa jiki da sunan karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kimanin minti 60 a rana ga masu shekarunsa, kuma wanda ya yi gumi da yamma ya fi saurin barci.

Maganar mahaifinsa ita ce mai wuya, kuma ke ce za ki buɗe ta. Ba a gaban yaron ba, ba ranar da sakamako ya fito ba. Kada ki shiga da "kana matsa masa", don zai ji an mayar da shi mai laifi alhali shi ma tsoro ne ke cinsa, tsoron kada ɗansa ya lalace. Ki nuna masa gwajin rufe littafi, ki ce kin gano abin da ke cinye makin, kuma akwai aikin da shi ya fi dacewa ya yi. Aikin shi ne riƙe katuna: minti goma, sau biyu ko uku a mako, ya karanta tambaya, yaro ya amsa, ya juya kati su duba tare. Sharaɗi ɗaya ne, in an faɗi kati ba wa'azi, ambulan ta farko kawai zai koma. Wannan yana ba su abin yi tare wanda ba shari'a ba, kuma uban zai ga ƙoƙarin da idonsa.

Akwai kalmomin da ya kamata su fita daga gidan: "daƙiƙi", "kuɗina kawai nake zubarwa", "dubi ƙanwarka", "ɗan wane ya zo na ɗaya". Gori ba ya koya wa yaro darasi ko ɗaya, abin da yake koya masa shi ne ɓoye takardar sakamako. Yabon ma a san irinsa. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa da cewa suna da basira sun fi guje wa aiki mai wuya daga baya, wasu har ƙarya suka yi game da makinsu, saɓanin waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. A yabi abin da aka gani ya yi: "na ga jan biro ya ragu a takardar nan". A maimakon "nawa ka ci?" a tambaye shi wace tambaya ce ta ba shi wahala. Wannan ba sassauci ba ne. Doka tana nan, lokacin kwanciya da na ajiye waya ba a ɗaga su, amma a faɗi dalilinsu, a ji ta bakinsa wajen tsara jadawalin, don jadawalin da aka rubuta masa aka manna a bango ba ya kai mako. A kuma kare masa awa biyun nan daga aike da ƙarar talabijin da ƙannensa. Ke kuma ki guji zama 'yar aike tsakaninsu, ko ɓoye wa uban sakamako. Ranar da ya gano, ku biyu zai daina yarda da ku.

Game da fushin, sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai danne zuciya da hangen ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A haɗa wannan da barcin awa biyar. In murya ta fara tashi, babba ne zai ce a bari sai an huce, kuma a dawo kan maganar da gaske washegari. Samari sun fi sakin baki in ana tafiya ko ana wani aiki kafaɗa da kafaɗa, fiye da in an zaunar da su ana kallon idonsu. A irin wannan lokacin ki tambaye shi ko akwai mai takura masa a makaranta, ɗalibi ko malami, ko a waya. In ya fara magana ki bar shi ya kai aya kafin ki ce komai.

Ki sa ido kan wani abu kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa a matasa sau da yawa da saurin fushi yake bayyana, ba da kuka ba. In ya kai mako biyu ya daina abin da yake so, ya janye daga abokai, cin abincinsa ko nauyinsa ya canza, ko yana cewa ba shi da amfani, a kai shi wurin likita ko mai ba ɗalibai shawara. In ya ambaci mutuwa, ko kika ga rauni a jikinsa da bai iya bayani ba, ki tambaye shi kai tsaye, a nutse, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magunguna da duk wata guba da ke gidan, a nemi likita a ranar.

Kada ku jira sakamakon zango kafin ku san ko ana ci gaba. Bayan mako uku zuwa huɗu ku duba abu uku: ƙarfe nawa yake barci, katuna nawa suka isa ambulan ta uku, da makin da yake samu a tambayoyin baya na mako-mako. In barci ya gyaru, yana bin tsarin, amma ba abin da ya motsa, ki je makaranta da littafin kurakuransa. Ki roƙi a nuna miki takardun jarrabawarsa da aka duba, ki tambayi malamin ajinsa ko yana gama rubutu kafin lokaci ya cika, ko yana tuntuɓe in an sa shi karatu a bayyane, ko hankalinsa yana yawan tafiya a aji. In amsar ɗaya daga cikinsu ta nuna matsala, kuma tun yana firamare haka yake, a nemi ƙwararre ya gwada shi kan matsalar karatu ko ta tattara hankali.